Ƙullutu a fata, fatar kai ko ƙarƙashin farce: yadda ake dubawa, cirewa da kai wa gwaji

A cikin fatar mutum akwai ƙananan sassa huɗu da ƙari kan tsiro daga cikinsu: maɓuɓɓugar gumi, maɓuɓɓugar maiƙo, ramin da gashi ke fitowa, da tushen farce. Ire-iren wannan ƙari suna da yawa, sunayensu na likitanci kuma masu karya harshe ne, amma mafi yawansu ba sankara ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ido ba ya iya rabe su. Ƙwararren likitan fata ma yakan kalli ƙullutu ya ce abu kaza ne, sakamakon gwaji ya dawo da wani suna daban. Saboda haka duk naman da aka yanko daga jikin mutum wurinsa ɗakin gwaji ne, ba kwandon shara ba. Wannan bayani an yi shi ne domin ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti, amma mai ƙullutun ma zai san abin da ya kamata a yi masa.

Kafin a taɓa

A fara da tambaya. Tun yaushe abin ya fito? Ƙullutun da ya shekara goma bai canja ba daban yake da wanda ya ninka girmansa cikin wata uku, kuma mafi ban tsoro shi ne wanda ya daɗe a kwance sannan kwatsam ya fara girma, ko ya fashe ya zama miki. Yana ciwo? Yana jini da ɗan gogawa kaɗan? An taɓa matse shi, ko wanzami ya yanka, ko an yi masa sakiya? Wannan tambaya ta ƙarshe mutane kan ji nauyin amsa ta, don haka a yi ta ba da faɗa ba, domin wurin da aka taɓa yankawa ya riga ya yi tabo a ciki, cire shi zai fi wuya. A tambayi ko akwai masu irinsa a dangi, da ko wani a gidan ya taɓa yin sankarar hanji. Sai kuma ciwon suga, sikila, magungunan tsinka jini irin su asfirin da wafarin, da ko jikinsa na yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu, wanda likitoci ke kira kiloyid.

A duba a hasken rana, domin a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu. A auna da rula a rubuta da milimita. Rubuta "kamar goro" a kati ba ya amfanar kowa bayan wata biyu. A ɗauki hoto da waya, da iznin majinyaci, a ajiye rular a gefen ƙullutun. Sannan a kama shi da yatsu biyu a motsa: ƙarin da ya fito daga sassan fata yana tafiya tare da fatar, shi kuwa dunƙulen kitse yana ƙarƙashi ne, fata na zamewa a kansa. Wanda ya kafe a kan ƙashi ko tsoka ba ya motsi, wannan ba na ƙaramin asibiti ba ne. A ƙarshe a lalubi kaluluwa a wuya, bayan kunne, hammata ko matsematsi, gwargwadon inda abin yake.

Fatar kai da fuska

Abin da aka fi gani shi ne jakar da ke tasowa daga ramin gashi. Iri biyu ce. Ta farko takan fito a fuska, wuya, baya ko ƙirji, sau da yawa da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, in aka matsa sai wani abu fari mai kauri da wari ya fito. Ba mugunya ba ce, matacciyar fata ce da ta taru a cikin jaka. Ta biyu kusan kullum a fatar kai take, sumul ba ɗigo, takan zo biyu ko uku, kuma ana gadonta. Mai kitso ko mai aski ne kan fara lura da ita. Matsewa ba ta warkar da ko ɗaya, domin muddin bangon jakar na nan za ta sake cika. Ita ta fatar kai, in ta daɗe, musamman ga tsofaffin mata, takan rikiɗe ta yi girma ta fashe ta yi kama da sankara. In ta kai haka sai an cire ta da ɗan gefe na lafiyayyar fata.

Ga yara, ƙullutu mai taurin dutse a kunci, gira, wuya ko damtse yawanci filomatirikoma ne, ƙari daga tushen gashi wanda ke tara abu mai tauri irin na ƙashi a cikinsa. In aka ja fatar kansa za a ga kusurwoyi sun bayyana, in aka danna gefe ɗaya ɗayan ya ɗago. Ba ya ɓacewa da kansa, ba ya jin maganin shafawa, cirewa ce maganinsa, kuma da wuya ya dawo.

Akwai wani tabo da ake haihuwar yaro da shi a fatar kai, ba gashi a kansa, launinsa rawaya-rawaya ko ya ɗan fi sauran fata duhu. Iyaye kan ɗauka makero ne su yi ta shafa magani. Bambancin a fili yake: makero daga baya yake zuwa, yana ɓarɓashi, yana yaɗuwa, shi kuwa wannan tun ranar suna yana nan. Tarin maɓuɓɓugar maiƙo ne. Da yaro ya balaga sai wurin ya yi kauri da gurji-gurji, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin lura shi ne sabon tsiro a kansa, ko tsattsafar ruwa, ko jini. Yawancin tsiron da ke fitowa a kai ba sankara ba ne, amma sai an yanko an gwada kafin a faɗi haka.

Ƙananan ƙuraje masu tauri, milimita 1 zuwa 3, jere a ƙasan idanu biyu, galibi ga mata daga lokacin balaga, su ne siringoma, daga bututun gumi suke. Ba su da illa sai ta kwalliya. Man bilicin ba ya taɓa su, fatar kawai yake sirantawa. Ana iya ƙone su da na'urar lantarki ko hasken leza, amma a baƙar fata wurin kan bar baƙin tabo da ya fi ƙurjin muni, don haka a gwada biyu ko uku tukuna a jira wata biyu zuwa uku a ga yadda fatar ta karɓa. Idan kuma ƙuraje masu yawa ne a gefen hanci, ga wasu ƙullutai masu santsi a fatar kai, kuma uwa ko uba na da su, to ciwon gado ne da ake kira Buruk-Shifigila. Ba a gama cire su a zama ɗaya, bibiya ake yi, ana cire wanda ya yi girma, ya yi ciwo ko ya canja.

Fatar ido tana buƙatar a tsaya a kanta. A cikinta akwai maɓuɓɓugar maiƙo masu yawa, kuma sankarar da ke fitowa daga gare su tana shigar burtu, ta zo da kamannin hazbiya. Dattijo ko dattijuwa da hazbiya ke dawo wa a wuri ɗaya bayan an fasa ta, ko fatar ido ɗaya ta yi kauri ta ƙi jin magani wata da watanni, ko gashin ido ya zube a daidai wurin, a tura shi wurin likitan ido ba tare da ɓata lokaci ba, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa. Wannan sankarar ta fi kama fatar ido ta sama. Duk abin da aka kankaro daga hazbiyar da ta dawo a kai shi gwaji, komai ƙanƙantarsa. Idan aka tabbatar ƙari ne na maɓuɓɓugar maiƙo, a koma kan tambayar sankarar hanji a dangi, domin akwai ciwon gado mai suna Miyo-Tore da ke haɗa su biyun, mai shi yana buƙatar a leƙa hanjinsa da na'ura.

Wani kuma da ke yaudara: wuri mai tauri a leɓen sama ko kunci, kamar tabo alhali ba a taɓa jin rauni a wurin ba, yana faɗaɗa a hankali, wani lokaci wurin ya mutu ba a jin taɓawa. Sankara ce ta bututun gumi mai bin jijiya. In aka kankaro samanta kawai, gwaji na iya cewa ba komai, sai an yanko da zurfi.

Tafin ƙafa da matsematsi

A tafin ƙafa ko gefensa akan ga jan tsiro mai laushi mai saurin jini, foroma, daga maɓuɓɓugar gumi. Shi kansa ba sankara ba ne, amma tafin ƙafa shi ne inda melanoma, sankarar ƙwayoyin da ke ba fata launi, ta fi fitowa ga baƙar fata, kuma ba kullum take baƙa ba. Don haka ba a ƙona tsiron tafin ƙafa, ba a ɗaure shi da zare ya faɗi. A matsematsi, gaba ko dubura kuwa, kircin da ya kama dattijo a gefe ɗaya, yana tsattsafar ruwa, ya ƙi jin magani har mako shida, a daina sauya masa man shafawa a yanko ɗan yanki. Man nan na kemis mai haɗin magani uku yana kwantar da ƙaiƙayi ya ɓoye ciwon.

Farce

Nan aka fi yin jinkiri, domin duk abin da ya sami farce sai a ce naman gwari ne ko ɗan karkare.

Baƙin layi da ya miƙe daga tushen farce zuwa bakinsa abu ne da ya zama ruwan dare ga baƙar fata, yana ƙaruwa da shekaru, kuma in a farata da yawa yake, siriri, launinsa bai ɗaya, ba abin damuwa ba ne. Wasu magunguna ma na kawo shi, kamar haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila da zidobudin na masu ƙanjamau. Layin da ake tsoro shi ne wanda ya fito a farce ɗaya tak ga babban mutum, musamman babban yatsan hannu ko na ƙafa, faɗinsa ya wuce milimita 3, ya fi faɗi daga tushe, launinsa wani wuri baƙi ƙirin wani wuri ƙasa-ƙasa, ko farcen ya fara tsagewa a kan layin. Idan baƙin ya tsallako ya hau fatar da ke kewaye da farcen, wannan alama ce mai ƙarfi ta melanoma.

Abubuwa biyu na rikitar da dubawa: taruwar jini da lalle. Dukkansu a jikin farcen suke, don haka suna tafiya gaba yayin da yake tsiro. Farcen hannu na ƙaruwa kimanin milimita 3 a wata, na ƙafa bai kai rabin haka ba. A ɗauki hoto yau, a ce wa majinyaciya ta dakata da ƙunshi a wannan yatsa, ta dawo bayan mako shida zuwa takwas. In jini ne ko lalle, za a ga sabon farce fes ya fito daga tushe. In layin yana nan manne da tushen, daga ciki ake samar da shi. Wannan jira na wanda ake shakka ne kawai. Mai alamomin da aka lissafa a sama ba ya jira. A kuma tuna ƙari ma yana jini, saboda haka jinin da ke dawowa a farce ɗaya ba tare da buguwa ba abin zargi ne.

Babban kuskure shi ne a cire farcen a yar, a wanke, a ɗaure. Ciwon ba a farcen yake ba, yana tushen da ke ƙarƙashin fatar bayan farce, kuma daga nan ake ɗaukar naman gwaji. Aiki ne na wanda ya saba, domin yankan da ya kauce yana barin farce a tsage har abada, ko ya ɗauko wurin da ba ciwon.

Farce ɗaya da ya ɗago, gefensa na tsattsafar ruwa ko ya yi tsiro mai kaushi, an sha maganin naman gwari wata uku ba sauyi, ana zargin sankarar fata ta ƙarƙashin farce, wadda sau da yawa ke da alaƙa da ƙwayar cuta mai suna HPV. A yi hoton ƙashi a tura. Hoton zai kuma nuna tsiron ƙashi da kan ɗago farcen babban yatsan ƙafa ga matasa. Sai ƙarin gulomus, wanda daga jijiyoyin jini yake amma a ƙarƙashin farce ya fi zama: ɗan mitsitsi ne, wani lokaci ba a ganin komai, amma zafinsa kan hana barci, ruwan sanyi na tayar da shi. A bi farcen da kan allura marar tsini ana dannawa a hankali, za a sami ɗigo guda da majinyaci zai fizge hannu. Masu shi kan shekara suna yawon neman magani, har a ce musu sammu ne, alhali ƙaramar tiyata ce ke raba su da shi.

Wanda ba a yankawa a ƙaramin asibiti

Ƙullutun da ke tsakiyar kai, doron hanci ko ƙeyar jariri da ƙaramin yaro, domin yana iya haɗewa da cikin ƙoƙon kai, sai an yi hoto. Wanda ke bugawa kamar jijiya. Wanda ke gaban kunne ko ƙasansa, inda jijiyar motsa fuska ta ratsa. Na bakin fatar ido. Da duk wanda ya zo da kaluluwa mai tauri, ko ya dawo bayan an cire shi.

Cire jaka ko ƙaramin ƙullutu

Idan jakar ta kumbura tana zafi, ba ranar cire ta ba ce. Bangon ya yi laushi zai yayyage, allurar kashe zafi ma ba ta kamawa sosai. In ta tara ruwa a tsaga a zubar, a jira kimanin mako shida ta huce. Sau da yawa kumburin daga fashewar jakar a cikin fata ne, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya gama aikin.

A zana layin yanka kafin a yi allura, domin allura na kumbura wurin iyakar ƙullutun ta ɓace. Yankan ya zama mai tsini biyu, tsawonsa ninki uku na faɗinsa, ya bi layin tamojin fata, kuma baƙin ɗigon jakar ya faɗo a cikinsa. A fatar kai ba sai an aske duka ba, a tsefe kitson wurin a rage gashi siriri. Gira kuwa ba a aske ta.

Lidokin, wato maganin allurar kashe zafi, mai kashi 1 cikin 100 na da miligiram 10 a kowace mililita, mai kashi 2 na da 20. Marar adirinalin (maganin da ake haɗawa a ciki don rage zubar jini) kada a wuce miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki, mai adirinalin kuwa har 7. Wato yaro mai kilo 20 iyakarsa mililita 3 ta mai kashi 2 marar adirinalin, abin da ake saurin wucewa in ba a lissafa ba. A zagaye ƙullutun da allurar, kada a soka cikinsa. Fatar kai na da jini sosai, don haka a yi amfani da mai adirinalin a jira minti goma cur kafin a ɗauki aska. A yatsa, musamman ga mai sikila ko mai matsalar gudanar jini, a guji adirinalin, kuma in an ɗaure gindin yatsa da roba a rubuta lokacin, a tabbatar an kwance kafin a sa bandeji.

Da aska mai lamba 15 a tsaga fata kawai, har farin bangon jakar ya bayyana. Daga nan a ajiye aska, a ɗauki almakashi mai lanƙwasa marar tsini, a dinga tura shi a rufe ana buɗewa a gefen bangon har jakar ta saki. Ta fatar kai takan fito sumul. In ta fashe ba a rasa komai ba: a matse abin ciki, a kama bangon da matsi a zaro shi duka, a wanke ramin da ruwan gishiri na asibiti, a leƙa a tabbatar ba saura. Guntun bangon da aka bari shi ke dawo da ita. Idan aka tsaga aka tarar ba jaka ba ce, dunƙulen nama ne, a cire shi ɗungurungum da ɗan gefe, kada a gutsuttsura. Jini a danne shi minti goma ba ɗagawa. Zare siriri mai lamba 5-0 a fuska, 3-0 a fatar kai da baya. Ana warware ɗinkin fuska bayan kwana 5 zuwa 7, na kai 7 zuwa 10, na baya da ƙafa 10 zuwa 14. Ƙirji, kafaɗa, muƙamuƙi da kunne su ne matattarar kiloyid, a gaya wa majinyaci haka kafin yanka.

Naman gwaji

Nan aiki mai kyau kan lalace. Naman yana shiga fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100 nan take, kuma ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau goma. In fomalin mai ƙarfi ne a hannu, wanda ke da kashi 37 zuwa 40, a haɗa awo ɗaya da awo tara na ruwa. Ruwan gishiri da ruwan famfo na sa naman ya ruɓe, sifirit na ƙandarar da shi, daskarewa a firiza kuma na farfasa ƙwayoyinsa. Kwalbar ta zama mai faɗin baki, domin nama na taurara a fomalin ya ƙi fitowa. Suna da lambar kati a jikin kwalbar ake rubutawa, murfi yana iya musanyuwa. Ƙullutu biyu daga wurare biyu, kwalba biyu. In ana zargin sankara, a sa ɗinki ɗaya a gefen sama na naman a rubuta a takarda, don likitan gwaji ya iya faɗin ta wane ɓangare ciwon ya rage. Idan kuma ana tunanin tarin fuka na fata ko wata ƙwayar cuta, a raba wani yanki a kwalba daban ba fomalin, domin yana kashe ƙwayar cutar da ake son rayawa a ɗakin gwaji don a gane ta.

Takardar rakiya ta faɗi shekaru, jinsi, ainihin wurin, girma, daɗewa, da ko an taɓa yankawa. Waɗannan ƙari suna kama da juna ƙwarai a ƙarƙashin madubin likita, kuma sanin cewa daga fatar ido ta sama ta ɗan shekara 70 aka ɗauko yana iya sauya karatun gaba ɗaya. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos duk suna da sashen wannan gwaji. Naman da ke cikin isasshen fomalin yana jure tafiyar kwanaki, don haka nisa ba hujja ba ce. Kuɗin gwaji ne kan sa 'yan uwa su koma gida da kwalbar, shi ya sa ya kamata a faɗe shi tun kafin tiyata a haɗa shi cikin lissafi.

Da sakamako ya fito, a nemi amsa biyu a cikinsa: mene ne, kuma an cire shi duka? Jaka ko filomatirikoma da ya fita gaba ɗaya, magana ta ƙare. Ƙarin maɓuɓɓugar gumi da gwaji ya nuna ya kai bakin yanka gara a koma a ƙara yankewa, domin yakan dawo, kaɗan daga ciki kuma kan rikiɗe. Idan sankara ce, a tura majinyaci babban asibiti da ainihin takardar sakamakon da lambar gwajin, domin can za su iya neman gilashin da aka karanta su sake dubawa, su faɗaɗa yankan, su bincika kaluluwa. Bayan nan zai riƙa zuwa duk wata uku zuwa shida a shekarun farko ana duba tabon da kaluluwar da ke kusa. A rubuta lambar wayarsa da ta wani ɗan uwansa a rajista tun ranar tiyata, domin da ɗinki ya warke mutane da yawa ba sa dawowa karɓar sakamako, sai an kira su.